Ma'anar "sitent": robar da ake bari a jikin yaro bayan dashen ƙoda

Iyayen da ke zirga-zirga tsakanin unguwar Nima da asibitin Korle Bu a birnin Accra na Ghana da yaro mai ciwon ƙoda sukan dawo gida da wata kalma a baki: "an sa masa sitent." Wasu su ɗauka ƙarfe ne, wasu su ce inji. Siririyar roba ce mai rami a ciki, bakinta biyu a lanƙwashe kamar harafin J, shi ya sa likitoci ke ce mata dabul-je. Baki ɗaya yana cikin ƙoda, ɗayan yana cikin mafitsara, lanƙwasar ce ke hana ta zamewa.

Korle Bu ya fara dashen ƙoda a 2008, amma har yau mutane da yawa na zaton a gurbin tsohuwa ake sa sabuwar. A mara ake ajiye ta, a ɗinke bututun fitsarinta a jikin mafitsara. To, nan gizo ke saƙa. Bututun da aka ciro daga jikin mai bayarwa ya rabu da yawancin jijiyoyin da ke shayar da shi, jinin ƙodar kaɗai yake samu, saboda haka ƙarshensa na iya mutuwa. In ya mutu da wuri, fitsari ya riƙa yoyo cikin ciki. In ya warke da tabo, hanyar ta tsuke bayan watanni. Yara maza da yawa kuwa wani tantani da aka haife su da shi a hanyar fitsari ne ya cinye ƙodarsu tun fari, ya bar musu mafitsara mai tauri da ke tura fitsari baya.

Aikin sitent shi ne riƙe hanyar a buɗe har ɗinki ya kama. In duk da haka ta toshe, sai a huda fata a zuƙe fitsarin daga ƙoda, a buɗa matsin da ɗan balan-balan, ko a sake tiyata a yanke wurin da ya lalace. Wani lokaci da bututun yaron na asali ake haɗawa.

Abin da na fi so iyaye su riƙe shi ne ranar cirewa. Galibi makonni 4 zuwa 6 take yi, sannan a sa yaron barci a zaro ta ta hanyar fitsari da 'yar kyamara, ba yanka. In aka manta da ita, gishirin fitsari ya daskare a jikinta ya zama tsakuwa, ƙwayoyin cuta su sami maɓoya, ga shi yaron yana shan maganin rage garkuwar jiki. Zazzaɓi, ko fitsari ya ragu, a koma asibiti a ranar, kada a jira kwanan da ke kan kati.