Waiwaye: Wace Dabara ke Rayuwa a Kan Ruwa Idan Kasuwa Ta Mutu?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lissafin masu jiragen ruwa a Yawuri ya rikice. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, shi kuwa inji ba ya shan ruwan Neja. Manyan kamfanonin teku sun sha irin wannan matsi tun kafin mu, kuma akwai abin dubawa a yadda suka fita.

Da aka rufe mashigin Suwez a 1967, dole jiragen dakon mai suka riƙa zagaye Afirka. Sai aka shiga ƙera dirka-dirkan tankoki don a ɗebi da yawa a tafiya ɗaya. Rikicin mai na 1973 ya ninka farashi kusan sau huɗu, masu saye suka ja baya, aka ɗaure tankoki da dama a gaɓar Norway ba aikin yi. Waccan dabara an gina ta ne a kan zaton cewa kasuwa ba za ta taɓa faɗuwa ba.

Ta 2008 daban ce. Ma'aunin kuɗin dakon kaya na Baltic ya zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari tsakanin Mayu da Disamba. Me kamfanoni suka yi? Da yawa sun rage gudun jiragensu. Man da jirgi ke ƙonawa yana hauhawa fiye da yadda gudunsa ke ƙaruwa, don haka ɗan sassauta inji kan rage kashe kuɗi sosai. Abin da aka fara don dole sai ya zama tsari: a 2011 kamfanin jiragen ruwa na Maersk ya ba da odar jirage 20 samfurin Triple-E, kowanne mai ɗaukar kwantena 18,000, an ƙera su ne musamman don tafiyar sannu. Amma sai mai jari. Kamfanin jiragen ruwa na Hanjin na Koriya ta Kudu ya durƙushe a 2016, jiragensa suka yi cirko-cirko a teku da kayan mutane.

A ganina matsi tankaɗe dabaru yake yi: wadda ke rage kuɗin mai yau ta wuce, wadda amfaninta sai gaba ta maƙale. Nan ne abin ya fi shafar mu. Mai jirgin katako a Yawuri ko Ngaski ba shi da bankin da zai ba shi rancen sayen na roba ko injin da ba ya zuƙar mai. Hanyar da ta rage masa ita ce ya jira jirgi ya cika, ya ƙara lodi, rigar kariya kuwa a bar ta sai an samu sarari. Ba a manta da jirgin da ya kife kusa da Warra a Mayun 2021 ba, inda aka rasa mutane da dama, tun ma kafin mai ya yi wannan tsada.

Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida tana nan tun 1997, an kuma kafa ma'aikatar tattalin arzikin teku a 2023. Rabon rigunan kariya ana yi jefi-jefi. Rancen sauya jirgi da inji ne masu sana'ar suka fi buƙata.