Hanyoyin yawon keke da babu motoci

Hanyoyin yawon keke da babu motoci su ne waɗanda aka keɓe wa masu keke da masu tafiya a ƙasa, wani lokaci da mahaya doki, inda mutum zai yi tafiyar yini ko ta kwanaki da kayansa ba tare da ya haɗa hanya da mota ba. Mafi yawansu ba don keke aka fara gina su ba. Wasu tsoffin layukan dogo ne, wasu gefen magudanan ruwa ne da aka haƙa domin jiragen dakon kaya, wasu kuma saman shingen ƙasa ne da ke tare ambaliya a dausayi. Asalin hanya shi ke nuna yadda hawanta zai kasance, da irin shimfiɗarta, da kuma matsalar da za ta ba matafiyi.

Tarihi a taƙaice

A Ingila, wata ƙungiyar bunƙasa hanyoyin keke da daga baya ta zama Sustrans ta fara aiki a Biristol a 1977, kuma tsakanin 1979 da 1986 ta mayar da tsohon layin dogon Biristol zuwa Bath hanyar keke mai tsawon kilomita 21. Sifaniya ta ƙaddamar da shirinta na Vías Verdes a 1993. Sai kuma EuroVelo, tsarin dogayen hanyoyi da ke ratsa Turai, sai dai ba duk sassansa ne babu motoci ba, don haka ana duba taswirar kowane sashe kafin a ɗauki yara.

Gefen magudanar ruwa

Dawakai ne suka riƙa jan jiragen kaya da igiya a kan waɗannan hanyoyi, kuma da yake hanyoyin gefen ruwa suke bi, a shimfiɗe suke kamar tabarma. Hawa ba ya zuwa sai a wurin ƙofofin da ke ɗaga jirgi daga mataki zuwa mataki, amma idan ya zo yakan zo a dunƙule. A Caen Hill, kan magudanar Kennet da Avon ta Ingila, ƙofofi 29 ne ke ɗaga ruwa kusan mita 72 cikin kilomita uku da 'yan kai.

Wurin da aka fi faɗuwa shi ne ƙarƙashin gada. A nan hanya takan tsuke, bakan gada yana sauka daidai kan mutum, ba a hango mai zuwa, ƙasa kuma tsoffin duwatsu ne da gansakuka ta lulluɓe. Ana buga ƙararrawa tun daga nesa, a rage gudu, idan babu tabbas a sauka a tura keken. Sauran abubuwan lura su ne zoben ƙarfe da igiyoyin ɗaure jirage, da dogayen sandunan masu kamun kifi da ke gitta hanya. A magudanan Ingila da Wales ƙa'ida ita ce mai tafiya a ƙasa ke da fifiko.

Shimfiɗa ba ɗaya ba ce ko a kan magudana guda. Magudanar Midi ta Faransa, wadda aka kammala a 1681 mai tsawon kilomita 240, tana da kwalta a kusa da Tulus, amma a wasu sassanta an san ta da siririyar turba mai cike da saiwoyin bishiyoyi. A Amurka, hanyar magudanar Chesapeake da Ohio tana da kusan kilomita 297 daga Washington zuwa Cumberland, yawancinta ƙasa da tsakuwa, kuma bayan ruwan sama tafiyar yini ɗaya tana iya komawa ta yini ɗaya da rabi.

Dausayi da fadama

Mai kallon taswira zai ɗauka nan ne wuri mafi sauƙi, tunda babu tudu. Iska ce tudun dausayi. A saman shinge babu bishiya babu gini, kuma iskar da ke bugo fuska takan rage gudun keke mai kaya kusan rabi, ba kuma gangarar da za a huta a kanta. Gogaggu suna duba inda iska ta saba fitowa su tsara tafiya ta bi bayanta. A yammacin Turai daga yamma ko kudu maso yamma take yawan zuwa.

Gadojin katako da ake shimfiɗawa a kan laka suna santsi ƙwarai da safe ko bayan yayyafi. Ana shiga su a miƙe, ba a murɗa kan keke, ba a kuma damƙe birkin gaba. Idan ruwa ya rufe hanya har ba a ganin gefenta, komawa ya fi, domin sau da yawa akwai lambatu mai zurfi a kowane ɓangare. Ruwan da ya kai tsakiyar taya yana wanke man da ke cikin gindin feda da cibiyar taya, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai bayan makonni, lokacin da suka fara ƙara.

A Holan da Beljiyam ana bin lambobin mahaɗa maimakon sunayen garuruwa. Hugo Bollen, injiniyan ma'adinai, shi ya ƙirƙiro tsarin a lardin Limburg na Beljiyam: kowace mahaɗa tana da lamba, matafiyi ya rubuta jerin lambobin ya manna a kan keke. A lardin ne kuma, a Bokrijk, aka buɗe wata hanya a 2016 mai tsawon mita 200 da ɗoriya da ta ratsa tsakiyar tafki, ruwa na daidai idon mahayi dama da hagu.

Tuddai

Jirgin ƙasa ba ya iya hawa mai tsanani, saboda haka tsohon layin dogo da wuya ya wuce hawan mita 2 ko 3 a kowace mita 100. Vennbahn, mai kilomita 125 daga Aachen ta Jamus zuwa Troisvierges ta Luksambur, misali ce mai kyau: tana hawa tuddai ba tare da an tashi daga kan sirdi ba. Wahalar tana inda gada ta rushe ko aka toshe ramin da jirgi ke ratsa dutse ta cikinsa, sai hanya ta kauce ta gangara kwari ta sake hawowa. Ramukan da ke buɗe kuma suna da sanyi da ɗigar ruwa, kuma ko a waɗanda aka sa wa lantarki ana kunna fitilar gaba da ta baya, a cire baƙin tabarau kafin a shiga.

Keke da kaya

Taya mai faɗin milimita 35 zuwa 45 ta dace da duka nau'ikan ukun. Kada a cika mata iska tim, domin taya mai tauri tana tsalle a kan tsakuwa tana zamewa a jiƙa. Idan kuma iska ta yi ƙaranci, bakin ƙarfen taya zai datse robar ciki ya bar huda biyu a jere. Murfin da ke tare taɓo yana buƙatar tazarar kusan yatsa ɗaya daga taya, in ba haka ba laka za ta cushe ta tsayar da ita. Kaya masu nauyi a ƙasan jaka ake sa su, a daidaita nauyin ɓangarorin biyu. Jakunkuna masu faɗi sukan maƙale a shingen ƙarfen da ake kafawa a mashiga don hana babura.

Ƙurar farin dutsen da ake shimfiɗawa a hanya idan ta haɗu da man sarƙa tana zama kamar yashin goge ƙarfe, tana cin sarƙa da robar birki. Kowace yamma a goge sarƙa da tsumma, a ɗiga mai kaɗan, a sake goge rarar. Huda ta fi yawa bayan an yi wa shingen ƙaya aski, kuma kafin a sa sabuwar roba sai a shafa cikin taya da yatsa a ciro ƙayar, don ita ce ke sake hudawa. Ana ɗaukar robar ciki biyu, kayan faci, famfo da abin haɗa sarƙa.

Da kaya a kan tsakuwa, kilomita 12 zuwa 15 a awa shi ne lissafin da ba ya ba da kunya, wato kilomita 50 zuwa 70 a yini. Ruwan magudana ba na sha ba ne ko na wanke rauni, saboda fitsarin ɓeraye na iya sa masa ƙwayar cutar da ke kawo zazzaɓi da ciwon shawara. Wanda ya faɗa ciki sannan ya ji zazzaɓi cikin makonnin da suka biyo baya ya gaya wa likita inda ya faɗa.