Dokar Amurka da ke kare gwarar Filorida: abin da ta hana da inda hannunta bai kai ba

A tsakiyar jihar Filorida akwai wata ƙaramar gwara da ba a samun irinta a ko'ina a duniya. Tsawonta bai wuce santimita 13 ba, kukanta kamar na fara, kuma ba ta ƙaura. A ƙasa take saƙa sheƙa a gindin ciyawa, ta zuba ƙwai uku zuwa biyar. Tun 1986 aka sa ta cikin halittun da ke dab da ƙarewa, ƙarƙashin dokar kare irin waɗannan halittu (Endangered Species Act) da Shugaba Nixon ya sa wa hannu a Disambar 1973.

Sashe na 9 ne ƙashin bayan dokar. Ya haramta kashe tsuntsuwar, kama ta, ji mata rauni ko tsangwamarta, a filin gwamnati ne ko a gonar mutum. A 1995 Kotun Ƙoli ta amince cewa lalata mazauninta ma cutarwa ce, muddin hakan ya kashe ta ko ya raunata ta. Wanda ya karya dokar da gangan yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 50,000 da ɗaurin shekara guda.

Sashe na 7 ya wajabta wa hukumomin tarayya su tuntuɓi hukumar kifi da namun daji kafin aikin da zai shafe ta. Har sojojin sama ba su tsira ba, domin tana zaune a filin atisayensu na Avon Park. Mai fili kuma yana iya neman izinin yin aikin da zai iya cutar da ita a sashe na 10, idan ya kawo tsarin rage ɓarna.

Sai dai hani kaɗai ba ya raya wannan gwara. Wuta take buƙata. A da, tsawa ce ke cinna wa filin ciyawar da take zaune wuta. Yanzu sai ma'aikata sun ƙone shi da kansu duk shekara biyu zuwa uku. In aka bari, ciyawa ta cunkushe, ta rufe sararin ƙasa da tsuntsuwar ke bi tana kiwo, itatuwa su tsiro, shaho ya sami wurin sauka. Doka na iya hukunta wanda ya nome filin, amma ba ta tilasta wa makiyayi ya ƙone nasa. Ya naɗe hannu, gwara ta ƙare, ba shi da laifi.

Shi ya sa aikin ya koma na hannu. Ana kewaye sheƙa da ƙaramin shinge saboda dabbobin da ke cin ƙwai, a kwarara ruwan zafi a gidan jajayen tururuwa masu cinye 'yan tsaki, a ɗaga sheƙar sama kaɗan in ruwan sama ya yi barazanar cinye ta. Kiwo a keji ma sai da izinin sashe na 10. An fara sakin waɗanda aka ƙyanƙyashe a 2019 a gandun Three Lakes, kuma a 2024 aka saki tsuntsuwa ta dubu.