Wakilan Dindindin a Tarayyar Afirka

Wakilin dindindin jakada ne da ƙasa ke turawa ya zauna a Addis Ababa, babban birnin Habasha, ya yi magana da yawunta a Tarayyar Afirka. Ƙungiyar mai ƙasashe 55 ta gaji Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1963, aka kuma ƙaddamar da ita a Durban a 2002. Galibi mutum ɗaya ne ke ɗaukar kaya uku: jakadan ƙasarsa a Habasha, wakilinta a Tarayyar, da kuma wakilinta a Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda ita ma a birnin take. Takardun kama aikinsa na Tarayyar yakan miƙa su ga Shugaban Hukumar Tarayyar, kujerar da Moussa Faki Mahamat na Chadi ya riƙe daga 2017 zuwa 2025.

Sashe na 21 na kundin kafa Tarayyar, wanda aka amince da shi a Lome a 2000, shi ya samar da Kwamitin Wakilan Dindindin. A rubuce, aikinsa share fage ne ga Majalisar Zartarwa ta ministocin harkokin waje. A aikace ya fi haka nauyi. Shugabanni kwana biyu kawai suke yi a babban taro su watse, alhali jakadun nan suna nan shekara cur suna tankaɗe da rairayar kasafin kuɗi da daftarin ƙudurori. Abin da ya isa gaban shugabanni yawanci an riga an dafa shi a hannunsu.

Jakadun ne kuma suka fi zama a Kwamitin Sulhu da Tsaro mai kujeru 15, wanda ya fara aiki a 2004, shugabancinsa kuma karɓa-karɓa ne wata-wata. Najeriya na cikinsa tun farkonsa. Wannan kwamiti ne ya dakatar da Nijar a watan Agustan 2023 bayan juyin mulki, kamar yadda ya yi wa Mali da Gini da Sudan a 2021. Ƙasar da aka dakatar, wakilinta ba ya shiga zaman Tarayyar.

Ƙasashen da ba na Afirka ba ma suna tura jakadu, amma 'yan kallo ne, ba su da ƙuri'a. Amurka ta buɗe ofishin jakadanci na musamman ga Tarayyar a 2006, Sin kuma a 2015.