Mene ne "daidaito" a wasan labari na kan tebur?

Wasan labari na kan tebur shi ne wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana magana da bakinsa, ɗaya daga cikinsu kuma ya zama jagora mai bayyana duniyar da suke ciki. Idan jarumi ya nufi abin da zai iya yi ko ya kasa, sai a jefa ɗan lido, abin da ya fito shi ne hukunci. Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, shi ya buɗe wannan hanya. Yanzu akwai ƙananan wasanni birjik da mutum ɗaya ko biyu ke rubutawa su sayar da kansu, ba babban kamfani a bayansu. A wurin waɗannan marubuta, ba kalmar da ake ja-in-ja a kanta kamar daidaito.

A dara abin a fili yake: kowa 'ya'yansa 12, doka ɗaya, wanda ya fi iyawa ya ci. Amma a wasan labari 'yan wasa ba abokan hamayya ba ne, tafiyarsu ɗaya. To me za a daidaita?

Tsohuwar amsa ita ce ƙarfin jarumai. A tsofaffin bugun Dungeons & Dragons matsafi yakan fara da rauni ƙwarai, tsafi ɗaya tak yake da shi a rana, sara ɗaya na iya gamawa da shi. Idan aka yi nisa kuwa sai ya tashi sama, ya ɓace daga gari ya bayyana a wani, mayaƙi kuma yana nan da takobinsa, sai dai saran ya ƙara nauyi. Mai riƙe da mayaƙi sai ya koma ɗan kallo. Bugu na huɗu da ya fito a 2008 ya nemi maganin wannan, ya ɗora kowane irin jarumi a kan tsari ɗaya: wasu dabaru a kowane lokaci, wasu sau ɗaya a faɗa, wasu sau ɗaya a rana. Lissafi ya daidaita, amma mutane da yawa suka koka cewa jaruman sun koma kama ɗaya.

Ƙananan marubuta sun bi ta wata hanya, kuma a ganina tasu ta fi kama gaskiya. Abin da suke aunawa shi ne rabon kowa a cikin labarin: sau nawa ido ke komawa kanka, kuma idan ka yanke shawara tana canza wani abu ko kuwa shan iska ce.

A duba Apocalypse World na Vincent Baker da Meguey Baker, wanda ya fito a 2010. Ana jefa 'yan lido biyu masu fuska shida, a haɗa, a ƙara makin ƙwarewar jarumi a kan abin da ya nufa. In an samu 10 ko fiye, buƙata ta biya. Daga 7 zuwa 9 ka samu, amma da tsada: ka buɗe ƙofar, sai dai mai gadi ya ji motsi. In 6 ne ko ƙasa, jagora zai jefo maka wata masifa. 'Yan lido biyu na iya faɗuwa ta hanya 36. Jarumin da ba shi da ƙarin maki, 6 daga ciki ne cikakkiyar nasara, 15 nasara mai tsada, 15 faɗuwa. Ba shi ƙarin 1, sai ya zama 10, 16, 10. Ba shi 3, sai ya koma 21, 12, 3. A lura da na tsakiya: ko gwani ne ko ɗan koyo, kashi ɗaya cikin uku ko fiye na jifansa yana faɗawa inda aka ci amma aka bar baya da ƙura. Nan labari ke samun abin ci gaba. Shi ya sa ake tsayar da maki a 3, don da an kai 4, hanya ɗaya kacal cikin 36 za ta rage ta faɗuwa, fargaba ta tafi, jifan ya zama al'ada kawai.

Blades in the Dark na John Harper, na 2017, ya ɗauki wannan rabo uku ya ƙara masa abu: kafin a jefa, sai an faɗi irin hatsarin da jarumi ke ciki da girman abin da zai samu, don kowa ya san abin da ya saka kansa. Dread kuwa ya ajiye 'yan lido gaba ɗaya, ya kawo hasumiyar katako ta Jenga. Duk mai son yin abu mai wuya sai ya zare katako ɗaya, wanda ta rushe a hannunsa jaruminsa ya fita daga labarin. Wanda ya zo a ƙarshe ya fi shan wuya, kuma da gangan aka yi haka, domin wasan tsoro ne.

Lissafi a takarda ba ya isa, dole a gwada wasan da mutane. Marubuci yakan zauna gefe ya sa ido: wa ya yi shiru ya koma danna waya? Wace dabara ce kowa ke zaɓa ba tare da tunani ba? Wacce ce ba wanda ya taɓa ta? Ta farko ta yi ƙarfi da yawa, sai a rage ta ko a sa mata tsada. Ta biyu kuwa a gyara ta ko a cire, sannan a sake tara wasu mutanen da ba su san marubucin ba, a miƙa musu littafin dokoki su buga da kansu ba mai yi musu bayani.