Tambayoyi da Amsoshi Kan Gumakan Tagulla na Tsohuwar Girka

Me ya sa gumakan tagulla na Girkawa suka yi ƙaranci a gidajen tarihi?

Dalilin shi ne tagulla dukiya ce da ake iya narkarwa, don haka duk lokacin da yaƙi ko fatara ta zo, sai a farfasa gunki a ƙera makamai ko kuɗi da shi. Da yawa daga cikin gumakan da ake kallo a yau da sunan fasahar Girka kwaikwayo ne da aka sassaƙa da farin dutse a zamanin Rumawa. 'Yan kaɗan da suka tsira, galibi haɗari ne ya cece su: ko jirgi ya nutse da su a teku, ko ƙasa ta binne su, kamar gumakan allolin Girkawa Apollo da Athena da Artemis da leburori suka tono a Piraeus, tashar jiragen ruwa ta birnin Athens, a 1959.

Yaya ake ƙera su?

Maƙeri yakan gina siffar da yumɓu, ya lulluɓe ta da kakin zuma, ya sake rufe ta da yumɓu, sannan ya gasa har kakin ya narke ya zube, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Kai da hannuwa da gangar jiki dabam-dabam ake zuba su, daga baya a haɗa. Idanu kuwa da gilashi ko dutse ake cusa su, leɓuna da jan ƙarfe.

Wanne ne ya fi shahara?

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi shahara shi ne wanda aka tsamo daga teku kusa da Artemision, wata gaɓa a arewacin tsibirin Euboea na Girka, a 1928, mai tsawon fiye da mita 2, wanda aka ƙera wajen shekara 460 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Yana tsaye da ƙafafu a ware, hannun hagu a miƙe yana auna, na dama ya ja baya zai yi jifa. Dutse ba ya ɗaukar hannuwa a buɗe haka ba tare da madogari ba, kuma a nan ake ganin fifikon tagulla.

Wannan gunki na Zeus ne ko na Poseidon?

Abin da yake riƙe da shi ya ɓace, shi ya sa masana suka rabu. Idan aradu ce, Zeus ne, sarkin allolin Girkawa, wanda aradu ce makaminsa. Idan mashi mai tsini uku ne, Poseidon ne, allan teku a wurinsu, wanda irin wannan mashi ne makaminsa. Hujjar masu cewa Zeus ta fi gamsarwa, domin dogon mashi zai gitta ta gaban fuskarsa ya rufe ta.