Aristotul

Aristotul, wanda Larabawa ke kira Arisɗu, masanin falsafa ne na ƙasar Girka. An haife shi a garin Istagira a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Mahaifinsa Nikomakus likita ne a fadar sarkin Makidoniya. Yana ɗan shekara 17 ya tafi birnin Atina ya shiga makarantar Aflaɗun (Plato), babban masanin falsafa, ya yi shekara 20 a gabansa har malamin ya rasu a shekara ta 347. Bayan nan ya zauna a tsibirin Lesbos yana binciken kifaye da halittun ruwa, sannan Sarki Filibus na Makidoniya ya kira shi a shekara ta 343 ya karantar da ɗansa Iskandar, wanda daga baya ya gaje shi. A shekara ta 335 ya koma Atina ya buɗe tasa makarantar, Lisiyom. Da Iskandar ya mutu a 323, mutanen Atina suka juya wa masu alaƙa da Makidoniya baya, sai ya fice zuwa Kalkis, can ya rasu a shekara ta 322.

Saɓaninsa da malaminsa

Aflaɗun yana ganin haƙiƙanin abubuwa yana cikin wata duniya ta siffofi da ba sa canzawa, abin da ido ke gani kuwa inuwarsu ce kawai. Aristotul bai yarda ba. A wurinsa siffar abu tana jikin abin, don haka mai son sanin doki sai ya je ya dubi doki. Daga nan ya ce ba a san abu ba sai an san sababansa 4. A ɗauki tukunya: akwai yumɓun da aka yi ta da shi, akwai siffar da ta mai da yumɓun tukunya, akwai maginiyar da ta gina ta, akwai kuma manufar ginin, wato girki ko ajiyar ruwa. Na ƙarshen nan shi ya fi ba muhimmanci, domin yana ganin kowace halitta tana da inda ta dosa.

Manɗiƙi

Manɗiƙi shi ne ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, kuma nan ne aikinsa ya fi daɗewa. Shi ya fara tsara ƙa'idojin ƙiyasi, wato yadda ake haɗa magana biyu a fitar da ta uku dole: duk ɗan Adam mai mutuwa ne, sarki ɗan Adam ne, saboda haka sarki mai mutuwa ne. Ya nuna cewa ingancin hujja yana ga tsarinta, ko da an sauya abin da ake magana a kai. Littattafansa na wannan fanni an tara su da sunan Organon, ma'ana kayan aiki, kuma su aka riƙa karantawa har ƙarni na 19.

Ɗabi'a da siyasa

Ya ce kyakkyawar ɗabi'a tana tsakanin gefe biyu marasa kyau. Jarumtaka tana tsakanin ragwanci da ganganci, kyauta kuma tana tsakanin rowa da almubazzaranci. Ana samun ta ne ta hanyar sabo da aikatawa. A siyasa ya ɗauki mutum a matsayin halittar da ba ta cika sai cikin jama'a, kuma makarantarsa ta tattara tsarin mulkin birane 158. Yana da kurakurai manya: ya kare bauta, ya ɗauki mata a ƙasa da maza, ya kuma ce abu mai nauyi ya fi saurin faɗuwa daidai da nauyinsa, maganar da Galileo, masanin kimiyya na Italiya, ya rushe daga baya.

Ta hannun malaman Musulunci

A Bagadaza, zamanin Abbasiyawa, aka fassara yawancin littattafansa zuwa Larabci, Ishaƙ ɗan Hunaini na cikin manyan masu fassarar. Malamai suka laƙaba masa suna Malami na Farko, Alfarabi kuma Malami na Biyu. Imam Gazali ya ƙi ra'ayin mabiyan Aristotul na cewa duniya ba ta da farko, amma ya karɓi manɗiƙi, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhi, Almustasfa, da shi. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya yi wa littattafan sharhi, kuma da aka juya sharhin zuwa Latin sai ya zama abin karatu a jami'o'in Turai, inda malamin Kirista Tomas Akwinas ya gina ilimin addininsa a kan tunanin Aristotul.

Manɗiƙin ya iso ƙasar Hausa ta hannun malaman Musulunci. Assullamul Munauraƙ, waƙen manɗiƙi da ake karantawa a zauruka, na Abdurrahman Al'ahdari ne, malamin Aljeriya na ƙarni na 16, wanda kuma shi ne mai littafin fiƙihun nan da almajirai ke kira Ahalari.